Makaɗin Da Ba Ya Ƙirga Huɗu

A kan gadar masu ƙafa da ke gaban kasuwar kayan waya a Wuchang akwai wani mutum da ke zama a 'yar kujerar roba, da ƙaramin tebur a gabansa, yana manna wa fuskar wayoyin mutane gilashin kariya. Kuɗin aikin yuan goma. Sunansa Kuang Lixin. Kada ka tsaya ta hagunsa ka yi masa magana, kunnen nan ya daɗe da mutuwa, sai ka yi ta zuba kai kaɗai. Ni Shu Yanzi, shekara goma sha biyu na yi ina tsaye a hagun nasa riƙe da jitar bes mai kaurin murya, lasifikata na huci a gefen kansa. In ana neman wanda ya kashe kunnen, ga ni nan, ban gudu ba. Kuma ba kunnen kaɗai na kashe masa ba.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai, a shekarar 1994, aka rufe masaƙar da babansa ke aiki. Uban ya koma gida ya zauna gaban talabijin, bai sake tashi ba sai zuwa bayi. Ɗan kuma ya shiga gari. A wani lungu bayan jami'a ya sayi kaset ɗinsa na farko.

A lokacin duk kiɗan waje da muka ji, daga shara ya fito. Turawa in kaset ya ƙi sayuwa sai su sa zarto su tsaga gefensa, su loda a jirgin ruwa da sunan tarkacen roba, a kawo mana mu narkar. Mu kuwa maimakon mu narkar sai mu saurara. Zarton yakan tsinke zaren kaset ɗin, dole sai wani ya buɗe ya haɗa. Na Kuang an riga an haɗa shi tun daga kudu, ba takarda, ba hoto, kuma zarton ya bi ta kan sunan masu waƙar ya goge shi. Kana danna rakoda, babu sallama babu komai, sai kiɗa ya faɗo maka a ka. Mai ganga ya riga ya yi nisa da gudu, mawaƙin yana tsakiyar ihu. Kuang ya ce ranar da ya fara ji, a tsaye yake, sai ya tsinci kansa a zaune.

Daga nan ya liƙe wa mai shagon har ya koyi gyaran kaset, ya kuma fi ubangidan nasa iyawa. Ya kwance ƙusoshi biyar, ya daidaita bakin zaren biyu, ya sa reza ya yanke inda zarto ya tauna, ya haɗa da salatef ɗin da ya tsaga siriri kamar gashi, ya nannaɗe da fensir. Hannunsa ba ya rawa. Likita muke ce masa. Kuma likitan gaskiya ne, ba ya ɓoye wa mai kaya ciwo: zai ce maka wannan zarto ya ci layi biyu na waƙar farko, wancan ya ci rabin ta ƙarshe, in za ka saya ka saya.

Amma fa ban da nasa. Nasa kam ya rantse zarto bai ci komai ba sai farin zaren nan na farko da ba shi da sauti. Haka masu waƙar suka yi abinsu, in ji shi, da gangan. Nie Bin, wanda daga baya ya zama mawaƙinmu kuma mai jita, yakan tsokane shi ya ce likita ya iya duba ciwon kowa ban da na matarsa. Kuang ba ya dariya a wannan maganar. Sai ya ce mu ba mu da kunne.

Mun kafa ƙungiyarmu a 1998, mu uku, Kuang a kan ganga, a wani garejin tsohuwar masaƙar nan, inda warin baƙin mai bai taɓa fita daga bango ba. Kiɗan pank muke yi, mai gudu, mai hayaniya, waƙa ba ta kai minti biyu ba ta mutu. Suna kuwa, wata safiya muna gardama a kansa har taliyarmu mai riɗi ta daskare a kwano, cokali ba ya shiga, shi ke nan muka zama Taliya Ta Huce.

Doka ɗaya Kuang ya kafa: ba a ƙirge. Ko'ina a duniya mai ganga yakan buga sandunansa sau huɗu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan kowa ya shiga tare. Shi ya ce wannan neman izini ne, kuma mu ba mu zo neman izinin kowa ba. Ba gabatarwa, ba ɗumama jiki. Waƙa za ta fara kamar tun ɗazu ake yin ta a ɗakin maƙwabta, wani ya sa ƙafa ya ɓalle ƙofa. To ta yaya mutum uku za su faɗa tsakiyar waƙa lokaci guda? Sai ya ja numfashi ta hanci, ya ɗaga kafaɗarsa ta hagu kaɗan, mu faɗa. Shi ya sa nake tsayawa a hagu. Shekara guda cur na yi ina makara. Na zage shi, na zagi gangunansa, rannan har takalmi na cire na jefe shi, ya kauce ya ce a sake. Ranar da abin ya zauna kuwa, tsigar jikina sai da ta tashi. Na san ba na jin irinsa a wurin kowa.

Kada wani ya zaci mun ji daɗi. Mun yi wasa gaban mutum goma sha biyu, shida daga ciki makaɗan da za su hau bayanmu ne. Mun tafi Beijing a jirgin ƙasa a kujerar katako, ganguna a kan cinya. Uwata ta shekara bakwai tana gaya wa maƙwabta a shagon tufafi nake aiki. Baban Kuang sau ɗaya ya taka zuwa garejin, ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara, ya ce injinan da ke nan da sun fi mu daɗin ji, kuma su suna fitar da yadi.

Sai kaset ya mutu. Faifai ya zo, intanet ta biyo baya, aka rufe shagon lungun a 2005. Likita ya koma dakon manyan gorunan ruwan sha, yana hawa da su bene bakwai, bene takwas, a gidajen da ba su da na'urar hawa. Akwai wata mai aiki a kantin magani da ta jira shi shekara huɗu, ta gaji ta auri direban bas. Ni na yi aure, na sami aikin ofis a makarantar koyon tuƙi. Nie Bin dama babansa na da kamfanin tayil. Kowa ya ɗan kama wani abu da hannu ɗaya. Kuang ne kaɗai ya riƙe kiɗan da hannu bibbiyu.

Kwatsam, wajen 2008, sai Turawa suka gano wai a ƙasarmu ma ana hayaniya. Suka fara zuwa da kyamarori, suna durƙusawa suna ɗaukar hoton bangon garejinmu kamar wani wurin ibada. Ƙungiyoyin Beijing suka fara fita waje, ana dawowa da labari. Mu ma wata Baturiya doguwa mai ƙaramin kamfanin faifai ta zo ta ji mu, ta koma ta rubuta a wata mujalla cewa waƙoƙinmu suna farawa daga tsakiya ne saboda mu 'ya'yan ƙasar da ta faɗo tsakiyar zamani ne ba tare da gabatarwa ba. Ni dai dariya na yi har da riƙe ciki. Kuang kuwa sai da ya sa Nie Bin ya fassara masa sau uku, ya yanke shafin da reza, ya ninke ya sa cikin kwalin kaset ɗinsa.

Baturiyar ta fitar da faifanmu a can, ya ɗan karɓu. A farkon 2010 takardar gayyata ta zo: garuruwa goma sha bakwai a Turai, mako biyar.

Ban taɓa ganin Kuang haka ba. Mutumin da ba ya haɗa jimla biyu, ya zama ba ya rufe baki. A jirgin fito, muna ƙetare kogi zuwa Hankou, ya gaya mini abin da yake so, kuma abu ɗaya ne tak. Ba yawon buɗe ido ba, ba suna ba.

"Yanzi, sun zubar da shi a shara," ya ce, yana dafa aljihun da kaset ɗin yake. "Ina so in zauna a bayan ganga a ƙasarsu, in nuna musu akwai wanda ya tsinta, kuma ya gane abin da suke nufi. Sau ɗaya ma ya ishe ni."

Sai maganar biza. Suna son shaidar cewa za ka dawo: takardar wurin aiki, takardar gida, takardar aure. Ni ina da biyu, Nie Bin babansa ya buga masa hatimi ya zama manaja a rana ɗaya. Kuang ba shi da ko ɗaya. Ɗakin haya, dakon ruwa, ba mata, ba ɗa. Ya ari kwat ɗin mijina, hannun ya yi masa gajere, muka tafi ofishin jakadanci a Beijing. Da aka tambaye shi daga bayan gilashi me ya mallaka da zai dawo da shi gida, sai bawan Allah ya zaro kaset ɗin nan mai tsagar zarto ya tura ta ƙarƙashin gilashin. Aka juya shi, aka duba, aka turo masa abinsa cikin ladabi. Bai samu ba. Baturiyar ta rubuto wasiƙa, ya sake komawa, ya sake dawowa hannu wofi.

A bakin titi muka yanke magana, da safe, a tsaye, kowa da kwanon taliyarsa na takarda. Nie Bin ya ce in babu Likita babu tafiya, a fasa kawai. Da baki ya faɗa, idonsa na kaina. Na san shi sarai, jira yake wani ya ɗauke masa nauyin. Ni kuwa shekarata talatin da biyu, surukata kullum tana duban cikina, na san in wannan ta wuce wata ba za ta zo ba. Ni na faɗa. Na ce akwai masu ganga a garin nan da ke da fasfo.

Kuang ya ci gaba da juya taliyarsa, duk da ta riga ta juyu. Can ya ce, "Ku tafi. Amma duk wanda za ku ɗauka, kada ya ƙirga."

Fang Rui muka ɗauka, wanda ya gama makarantar koyon kiɗa, fasfonsa cike da hatimi. Mutumin kirki ne, kuma hannunsa ya fi na Kuang tsabta nesa ba kusa ba. Mako shida Kuang ya yi yana koya masa, cikin zafin nan namu da ke sa bango ma gumi. Ya sauke ruwan mutane da safe, da rana ya zo ya tsaya a bayan mutumin da zai zauna a kujerarsa, yana cewa ja numfashi, ɗaga kafaɗa, faɗa. Fang ya kasa. Shekara goma sha biyar ana dasa masa ƙirge a jiki, ina zai kai shi? Daga ƙarshe ya sami dabara: ya ƙirga huɗu a zuci, ya ɗaga kafaɗa a na biyar. Daga gaba ba ka ganewa. Nie Bin ya yi tafi ya ce an gama. Kuang yana kallon diddigen Fang da ke ɗan motsi a ƙasa, sau huɗu. Ya miƙa wa Fang jakar sandunansa.

Mun tafi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, kuma har yau ina jin kunyar daɗin. Yara masu jan gashi suna tsalle suna faɗawa kan juna, suna ihun kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Duk lokacin da muka faɗa waƙa ba gargaɗi sai wuri ya kaure. Hoton da ke jikin takardun talla tsohon ne, da Kuang a tsakiya. Mutane suka riƙa kawo wa Fang ya sa hannu a ƙarƙashin fuskar Kuang, ba wanda ya lura ba mutum ɗaya ba ne.

Abin ya dame ni. Na ce dole in kai wa Likita tsarabar da ta fi riga da cakulan. Ina da waƙar farko ta kaset ɗinsa a 'yar na'urar sauraro tawa, don haka duk garin da muka sauka sai in shiga shagunan tsofaffin faifai in sa wa mai shago a kunne. Bai aike ni ba. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa a nemo masa ba, ni ce da shisshigina. A gari na goma sha huɗu, wani garin bakin teku da ruwan sama ba ya ɗaukewa, wani tsoho mai ɗan kunne ya saurara, ya ƙyalƙyale da dariya, ya shige ciki. Ya fito da kaset mai ƙura, lafiyayye, da hotonsa da komai. Ya ce wasu samarin yankin ne, faifai ɗaya suka yi suka watse, ba wanda ya saya. Mai gangarsu ma, in ji tsohon, an ce yanzu yana sayar da kayan bayi. Ban saurari kaset ɗin ba. Ba ni da rakoda, kuma na ga ya dace Kuang ya zama na farko. Da na saurara, da a tekun nan na jefa shi.

Da la'asar na kai masa, kwana biyu da dawowarmu. Ɗakinsa a bene na bakwai yake, fanka na juya iska mai zafi, gorunan ruwa a jere a bakin ƙofa. Da ya ga abin da ke hannuna, sai da ya je ya wanke hannu ya goge kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallon hoton: samari huɗu a jikin wata mota. Ya sa a tsohuwar rakodarsa, ya juyo da kunnen dama, ya danna.

Shuuu na zare. Wani ya yi tari, wani ya yi dariya. Sai ƙarar sanduna, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, da murya tana ƙirgawa da yarensu, ba sai an fassara maka ba. Sai jita ta shigo a hankali, mai taushi, irin wadda za a iya sa wa a wurin biki tsofaffi su gyaɗa kai. Ganga ta biyo a sannu, tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, tana gaya wa kowa ga abin da ke tafe, a shirya. Daƙiƙa arba'in. Sannan aka iso wurin da ya sani.

A nan ya tsayar. Ya ciro kaset ɗin, ya sa fensir ya mayar da zaren baya da hannu, ya sake sawa. Ya sake tsayarwa a wuri ɗaya.

"Ashe sun ƙirga," ya ce.

Na shiga zuba. Na ce naka ya fi nasu, na ce ai wannan ya nuna kai ka ƙirƙiro abin da kanka, na ce a gari goma sha bakwai an yi hauka saboda shi. Ya bar ni har na gaji.

"Ban ƙirƙiri komai ba, Yanzi. Zarto ne." Ya ciro kaset ɗin daga rakodar. "Shekara goma sha shida ina bin wani ma'aikacin shara da bai ma san abin da ya yanka ba."

Sannan ya miƙe, ya riƙe kaset ɗin da hannu biyu yadda ake karɓar kyauta, ya yi mini godiya, ya ce na sha wahalar nema. Da zagina ya yi, da na samu sauƙi.

Sau ɗaya ya sake zuwa garejin. Fang ya tashi ya ba shi kujera da girmamawa. Na tsaya a hagunsa kamar kullum, idona a kafaɗarsa. Ya ja numfashi, kafaɗar ta ɗaga, ni da Nie Bin muka faɗa, ganga shiru. Muka sake, ya shigo a makare. Karo na uku bai ma ɗaga sandunan ba. Ya ce yanzu kafin kowace waƙa yana jin wani abu a gabanta, kuma hannunsa ba ya yarda ya shiga sai abin ya ƙare. Ya ajiye sandunan a kan ganga, ya ce akwai mai jiran ruwa, ya fita.

Taliya Ta Huce ba ta mutu ba. Sun je Japan, sun je Ostareliya, sun koma Turai sau uku. Har yau in aka rubuta labarinsu sai an ambaci yadda suke faɗawa waƙa ba ƙirge, kuma Fang ya iya ba da amsa mai daɗi a kan haka. Ni na bari a 2014, na haifi 'yata. Gwiwoyin Kuang suka gaji da bene, ya sayi tebur ya hau gada. An rushe garejin, wurin ajiye motocin wani katafaren kanti ne yanzu.

Duk wata nakan kai masa wayata, ko gilashin bai fashe ba. Ya san lafiyarsa ƙalau, amma sai ya ɓamɓare ya sa sabo. Ba ma maganar kiɗa. Yakan tambayi 'yata, in tambayi gwiwarsa. Hannun nan yana nan yadda yake. Ya goge fuskar wayar, ya ɗauke ƙurar da ta rage da ɗan salatef, ya daidaita gilashin a sama, gefe da gefe, ba ya rawa. Ba a taɓa samun kumfar iska a aikinsa ba, masu shagunan ƙasa ma shi suke turo wa masu tsadar waya.

A hagunsa nake tsayawa, don na saba, kuma daga nan ina ganin gefen bakinsa. Kafin ya saki gilashin, leɓensa yana motsi, ba sauti. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.